Yadda Ake Jiran Rangwamen Wasannin Gem, Da Yadda Ake Gane Tsohon Da Bai Mutu Ba

Wata ranar Juma'a bayan La'asar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini hoton wani wasa da ya fito a makon, ya ce: "Kawu, dala 70 ne kawai." Na ɗauki biro na lissafa masa a bayan wata takarda cewa idan aka ƙaddara dala a kan naira 1,500, wannan "kawai" ɗin nasa ya kama naira 105,000, ban da kuɗin datar da za a sauke shi. Na kuma shaida masa cewa wasan nan, kamar ragon layya, yana da ranar tsada kuma yana da ranar da mai shi zai neme ka da kansa. Bambancin kawai shi ne rago idan Sallah ta wuce amfanin layyarsa ya wuce, shi kuwa wasa mai kyau yakan ƙara gyaruwa ne a lokacin da kuɗinsa ke sauka. Sai dai ba kowane wasa ne ke jure jira ba, kuma sanin wanda zai jure shi ne rabin aikin.

Mataki na farko shi ne mutum ya raba wasannin da yake sha'awa gida biyu tun kafin ya yi maganar kuɗi: waɗanda ake bugawa shi kaɗai ba tare da intanet ba, da waɗanda rayuwarsu ta dogara ga wasu mutane ko ga kwamfutocin kamfani. Na gidan farko, wato masu labari da ake bi daga farko zuwa ƙarshe, ba sa lalacewa a ajiye. The Witcher 3 ya fito a watan Mayun 2015, kuma wanda ya yi haƙuri zuwa 2016 ya same shi a haɗe da manyan ƙarin labaransa guda biyu a kunshi ɗaya, an kuma toshe kurakuran da masu gaggawa suka sha fama da su. Misalin da ya fi wannan fitowa fili shi ne Cyberpunk 2077, wanda ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli, musamman a kan na'urar PlayStation 4 (PS4), har Sony mai na'urar ta cire shi daga shagonta na intanet, ba ta mayar da shi ba sai a Yunin 2021. Wanda ya saya a ranar farko ya biya cikakken kuɗi ya karɓi ɗanyen aiki, wanda ya jira shekara biyu kuwa ya biya ƙasa da haka ya karɓi dafaffe.

Na gida na biyu su ne jira ke cuta. Wasannin ƙwallon ƙafa, waɗanda su ne suka fi cika gidajen gem a Katsina, kowace shekara ake fitar da sabo, kuma da zarar an yi cinikin 'yan wasa ƙungiyoyin da ke cikin na bara sun zama tarihi. Idan nufinka ka kara da mutane ta intanet, to sayen na bara don ya yi araha kamar zuwa kasuwar ƙauye ne washegarin ranar da ta ci. Idan kuwa kai da ƙannenka ne za ku zauna a tabarma da fad biyu, wato abin riƙewa a sarrafa wasa, babu abin da na bara ya rage ku da shi, shi ya sa har yau ake samun masu riƙe da PES 2021 ba su sake shi ba, duk da cewa tun 2021 kamfanin Konami ya sauya wa jerin suna zuwa eFootball. Akwai kuma wanda ke mutuwa murus. The Crew, wasan tseren motoci da ya fito a 2014, ba ya tashi sai da intanet, kuma da aka kashe kwamfutocin da ke ɗauke da shi a ƙarshen Maris na 2024, hatta mai faifansa a hannu ba shi da abin da zai yi da shi. Saboda haka kafin ka sa wasa a layin jira, ka bincika ko yana tashi idan babu intanet. A garin da sabis ke zuwa yana komawa, wannan tambayar tana da amfani ko da ba ka da niyyar jira.

Mataki na biyu shi ne a rubuta sunayen, a bar shagon ya yi maka gadi. A Steam, shagon wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, kowane wasa yana da maɓallin da ke sa shi a jerin da ake kira Wishlist, kuma duk ranar da aka rage kuɗin wani daga cikinsu za a aiko maka da saƙon imel. Shagon PlayStation ma yana da irin wannan jeri. Shawarata ita ce kada jerin ya wuce wasanni goma, domin dogon jeri shi ke sa mutum ya sayi abin da ba zai taɓa buɗewa ba.

Na uku, a san lokutan kaka. Kamar yadda mai sayen gero ya san watan da ake zuwa kasuwa da buhu, haka rangwamen nan yake da lokutansa da ba su cika saɓawa ba. Manyan biyu a Steam su ne na ƙarshen watan Yuni da na ƙarshen Disamba, kowanne yakan ɗauki kimanin mako biyu, sannan akwai wani a watan Maris da wani kafin ƙarshen shekara. A ɓangaren PlayStation akwai Days of Play wajen farkon Yuni, da ranar cinikin nan ta Black Friday a ƙarshen Nuwamba, da rangwamen da ke ratsawa daga Disamba zuwa Janairu. Shagon Epic Games kuwa tun ƙarshen 2018 yake bayar da wasa kyauta, yanzu kowane mako, kuma ana sauya shi ne da yammacin Alhamis a agogonmu. Wanda ya karɓa a cikin makon ya zama nasa ko da bai sauke shi a lokacin ba. A watan Mayun 2020 GTA V sukutum suka bayar haka. Abin da bai kamata mutum ya ɓata lokacinsa a kai ba shi ne jiran babban ragi a wasannin da Nintendo ke yi da kanta, domin kamfanin ya yi suna wajen riƙe farashi shekara da shekaru.

Na huɗu, kada a yarda da jan rubutun da ke cewa an rage kashi kaza sai an duba tarihin farashin. Shafukan SteamDB da IsThereAnyDeal suna nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da wasa da kuma lokacin da aka yi hakan. Idan yau an rage kashi 30 cikin 100, amma ka ga an sha rage kashi 60 a baya, to ka san na yau tayin farko ne, kuma Bakatsine bai saba sallamawa a tayin farko ba. A bisa al'ada ragin yana farawa kaɗan a watannin farko, ya kai rabi bayan shekara ɗaya ko biyu, daga nan manyan wasanni da yawa su gangaro zuwa kashi 75. Wasan dala 60 ke nan ya koma dala 15, wato naira 22,500 a lissafinmu na ɗazu.

A nan ne lissafinmu ya bambanta da na mai zaune a Amurka ko Ingila, kuma a nan nake so a dakata. Shi farashinsa yana sauka ne da kuɗin da yake karɓar albashi da su, mu kuwa muna jiran dala ne da naira a aljihu. Wanda ya fara jira a farkon 2023, kafin a saki darajar naira a watan Yunin shekarar, ya ga yadda ragin rabi ya narke a hanya, domin kafin wasan ya sauka dala ta ninka har ta wuce. Maganin wannan shi ne a raba ranar canji da ranar saye. Idan kuɗi suka samu, sai a sayi katin kuɗin shagon a loda shi a asusu, ya zauna a matsayin dala har ranar da rangwamen zai zo. Sai dai a kula da abu biyu. Kuɗin da aka loda ba sa fitowa, don haka kada a zuba fiye da abin da aka yi niyyar kashewa. Sannan Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutanenmu ke buɗe na Amurka ko na Ingila, kuma katin wata ƙasa ba ya shiga asusun wata. Na ga wanda ya sayi katin fam alhali asusunsa na dala ne, ya yi kwana uku yana neman wanda zai karɓa a hannunsa da ragi. A kuma guji masu tallar asusu cike da wasanni a kan kuɗi kaɗan a dandalin sada zumunta, domin mai asusun na asali yana iya sauya kalmar sirri ya bar ka da allo.

Mataki na biyar shi ne auna nauyin wasan da kuma ƙarfin na'urarka, domin araha ba ta ado idan kayan ba za su shiga gida ba. Red Dead Redemption 2, wanda ya fito a 2018, ya haura gigabait 100, kuma sau da yawa kuɗin datar da za ta sauke shi yakan yi kafaɗa da kuɗin wasan bayan ragi. Ni kaina na taɓa barin kwamfuta a kunne tun bayan Isha'i tana saukewa, na farka da Asuba na tarar an ɗauke wuta tun tsakar dare, batir ya mutu, layin ci gaban yana tsaye a kashi 41. Alhamdu lillahi Steam yana ɗorawa daga inda ya tsaya, amma dare uku na yi kafin na ga ƙarshensa. Tsofaffin wasanni suna da sauƙi ta wannan fuska, domin da yawansu ba su kai gigabait 10 ba, kuma suna tafiya lafiya a kan kwamfutar hannu ta ɗalibi wadda ba za ta iya ɗaga sabo ba. A ƙasan shafin kowane wasa ana rubuta mafi ƙarancin ƙarfin da yake bukata, sai a gwada da na na'urar kafin a biya. Masu PlayStation su tuna cewa PS5 tana karɓar kusan dukkan wasannin PS4, amma PS4 ba ta karɓar faifan PS3, kuma akwai samfurin PS5 da ba shi da wurin sa faifai sam.

Na shida, a koyi duba tsufan wasa kamar yadda ake duba haƙoran dabba. Abin da na lura shi ne hoto ba shi ne ke fara tsufa ba, hannu ne. Mutum yakan saba da tsohon hoto cikin rabin sa'a, amma idan juya kyamara yana da wuya, ko kuma wurin ajiye ci gaba yana da nisa har ka maimaita aikin minti ashirin saboda kuskure ɗaya, to gajiya za ta riga daɗi zuwa. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa da GTA San Andreas na 2004 a gidan gem, ya koma masa yau, zai tarar labarin da faɗin garin suna nan da daɗinsu, amma harbi da saiti sun yi masa nauyi a hannu. Haka kuma wasannin da suka yi ƙoƙarin kama da mutane na gaske sun fi saurin nuna shekarunsu, domin fuskar da ta ba mu mamaki a zamanin PS2 yau kamar gunki take, alhali masu hoton zane irin Hollow Knight na 2017 ba su da ranar tsufa. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi bidiyon wani yana buga tsakiyar wasan, ba tallar kamfani ba, a kalli minti goma. Idan wasan na kwamfuta ne kuma ya tsufa sosai, a fara duba shagon GOG, wanda ya ƙware wajen gyara tsofaffi su tashi a kan Windows na yanzu, kuma yana ba da damar ajiye fayil ɗin a faifan ajiya a girka shi ba tare da intanet ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun an tabbatar zumar ce a ciki.

Jiran ma yana da iyaka. Wasannin da ke ɗauke da motoci na gaske, ko waƙoƙi, ko sunayen ƙungiyoyi, suna tafiya ne da izini na wa'adi, kuma idan wa'adin ya cika sai a janye su daga kasuwa. Haka aka yi wa Forza Horizon 4 a Disambar 2024, haka kuma tsofaffin FIFA suka ɓace daga shagunan intanet a 2023 lokacin da kamfanin EA mai yin su ya sauya wa jerin suna zuwa EA Sports FC. Wanda ya riga ya saya yana ci gaba da abinsa, wanda ya tsaya jiran ƙarin ragi kuwa sai dai ya nemi faifai na hannu. Idan ka ji sanarwar za a janye wasan da ke jerinka, wannan ragin da ke gabanka shi ne na ƙarshe.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne bayan an biya. Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan ya kai sa'a biyu ba, don haka a sauke shi da wuri a gwada, kada a bar shi sai an samu hutu. A PlayStation sharaɗin ya fi tsauri, domin da zarar an fara saukewa damar mayarwa ta wuce, sai dai idan wasan ne da kansa ya lalace. Wannan ne ya sa na ce wa ɗan ƙanwar tawa, tunda PS4 ce a hannunsa, ya fara zagaya masu sayar da faifai na hannu kafin ya taɓa shagon intanet, ya juya bayan faifan a hasken rana ya duba ƙarzuwa, ya sa a gwada masa shi a shagon har ya wuce allon farko. Faifai yana rage masa data, kuma idan ya gama zai iya musanya shi da wani ya cika 'yan kuɗi kaɗan. Da God of War na 2018 ya dawo a leda, kuma sabon da ya nuna mini ranar Juma'ar nan yana cikin jerinsa har yanzu, yana jiran watan Disamba.