Kurakuran da aka fi yi wajen sayen zanen motocin tsere na alfarma a Legas

Duk wanda yake shiga ofisoshin 'yan uwanmu masu harkar motoci da canji a Legas, daga Agege zuwa Ikeja har Lekki, zai lura cewa bangon da a da ba ya ɗaukar komai sai kalanda da agogo yanzu ya fara ɗaukar manyan zane-zane na motocin tsere na da, irin su Ferrari da Porsche da Mercedes-Benz. Wannan bai zo da mamaki ba, domin wanda ya taso yana kallon hawan sallah ya san daɗin ganin abin hawa mai asali, kuma da yawa daga cikinmu sun fi samun natsuwa da hoton mota a falo fiye da hoton mutum. Sai dai na ga zane-zane da dama da aka zuba musu kuɗi masu kauri, waɗanda masanin mota zai gane aibinsu tun daga bakin ƙofa, kamar yadda mahayi yake gane sirdin da aka ɗaura a karkace.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ba da aiki da sunan kamfani kawai. Mutum ya kira mai zane ya ce a zana masa jar Ferrari ta da, shi kuma mai zanen ya lalubo hotuna a waya, ya ɗauki gaban wannan ya haɗa da bayan waccan, a ƙarshe a sami motar da ba a taɓa ƙera ta ba. Waɗannan motoci kuwa darajarsu tana cikin bambance-bambancen da suke kamar ƙanana. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, saboda haka masu sha'awarta sun san kusan kowacce da tarihinta. Mercedes-Benz 300 SL mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu an yi ta daga 1954 zuwa 1957, kuma an yi mata irin wannan ƙofa ne domin ƙarafan da suka riƙe bodinta sun taso sosai a gefe, har babu wurin ƙofar da aka saba. Wanda ya zana ta da gefe mai ƙasa-ƙasa irin na sauran motoci ya goge dalilin ƙofar ke nan. Akwai kuma masu rikita ta da 300 SLR ta 1955, wadda salansarta ke fitowa ta gefe, wadda kuma aka sayar da ɗaya daga cikin guda biyu masu rufin sama da aka ƙera a kan yuro miliyan 135 a shekarar 2022. Ita Lamborghini Miura ta 1966 tana da wasu baƙaƙen layuka kewaye da fitilunta kamar gashin ido, amma samfurin SV da ya fito a 1971 ba shi da su. Gyaran wannan ba shi da wahala: a ba mai zane cikakken suna da samfuri da shekara, a haɗa masa hotunan mota guda ɗaya daga gaba da gefe da baya, sannan a nemi ganin zanen fensir a amince da shi kafin fenti ya taɓa kyalle.

Porsche 911 ma tana shan irin nata. Injinta a baya yake, kuma har zuwa 1998 iska ce ke sanyaya shi, don haka gabanta ba shi da babbar ragar lagireto irin wadda wasu masu zane ke ƙara mata don su cike wuri. 

Sai batun launi, wanda a nan ne ake yi wa tarihi ɓarna mafi muni, domin a fagen tsere launi kamar rawanin sarauta yake, ana gane gida da shi. Ja na Italiya ne, kore na Ingila, shuɗi na Faransa, fari da ruwan azurfa na Jamus. Ba laifi ba ne mutum ya so a zana masa motar titi da launin da ya dace da kujerun falonsa, tun da dama ana sayar da su launi-launi. Amma idan aka rubuta sunan gasa da shekara a ƙasan zane, to an koma ba da labari, kuma labari ba ya son ƙari. Na taɓa ganin wani kyakkyawan zane na Ford GT40 da aka rubuta masa nasarar gasar tseren motoci ta Le Mans da ake yi a Faransa, ta shekarar 1966, an shafe motar da shuɗi mai haske da ruwan lemo na kamfanin mai na Gulf. Motar da Bruce McLaren da Chris Amon suka ci gasar da ita a wannan shekara baƙa ce mai lamba 2. Launin Gulf ya ci Le Mans a jikin GT40 ne a 1968 da 1969, kuma mota guda ce ta yi nasarar sau biyun. Haka nan Porsche 917 da ta kawo wa kamfanin nasararsa ta farko a gasar baki ɗaya a 1970 ja da fari ce mai lamba 23, ko da yake hotunan masu launin Gulf sun fi yawo a intanet. Lamba ma ba ado ba ce. Motar da Stirling Moss ya ci gasar Mille Miglia ta Italiya da ita a 1955 tana ɗauke da 722 ne saboda ƙarfe 7:22 na safe aka sallame shi daga wurin tashi, kuma mai zanen da ya mayar da ita wata lamba don ta fi kyan gani ya zubar da rabin labarin.

Tambari yana bukatar irin wannan kula. Ferrari da Porsche duk suna da baƙin doki mai ɗaga ƙafafun gaba, amma asalinsu daban: na Ferrari daga jirgin wani matuƙin yaƙi ɗan Italiya, Francesco Baracca, aka samo shi, aka ɗora shi a kan ruwan ɗorawa na birnin Modena, shi kuwa na Porsche daga tambarin birnin Stuttgart ya fito. Wanda ba ya son siffar dabba a ɗakin da yake salla bai kamata ya sa a ɓata tambarin ba, ya fi kyau ya zaɓi kusurwar da ba za a gan shi ba, ko motar da tambarinta tauraro ne.

Masu son a sa motar a cikin Legas suna da nasu tarkon. Tsohuwar mota a kan gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, ba kuskure ba ne, domin tsofaffin motoci suna raye har yau. Inda ake tuntuɓe shi ne a ce zanen yana nuna Legas ta shekarun 1960, sannan a ga Jaguar E-Type tana bin hannun dama, alhali Najeriya ba ta bar hannun hagu ba sai a watan Afrilun 1972.

Wani kuskuren mai cin aljihu shi ne biyan kuɗin zanen hannu a kan bugun inji. Na'urorin buga hoto na yanzu suna fitar da aiki a kan kyalle mai kyan da zai ruɗi mai ido, kuma wasu masu sayarwa suna shafa ɗan fenti a sama don ya yi tudu-tudu. A karkata zanen wajen haske a duba sawun burushi, a juya bayansa a ga ko fenti ya taɓa gefuna, a kuma kalle shi da gilashin ƙara girma, domin bugun inji yakan nuna ƙananan ɗigo a jere. Bugu ba abin ƙi ba ne idan an faɗi gaskiyarsa. Na ƙwarai yakan zo da sa hannun mai zane da lamba irin 12/50 da fensir, wato na goma sha biyu cikin hamsin da aka buga. Amma duk wanda ya kawo muku tsohuwar fastar gasar Monako ta shekarun 1930, irin waɗanda Géo Ham ya zana, ko wani abu daga jerin zanen motocin Mercedes-Benz da mai zane Andy Warhol ya fara a 1986, a farashin da bai kai na tayoyi huɗu ba, to kwafi ne, a saya a matsayin kwafi ko a bar shi.

A ganina, asarar da ta fi waɗannan duka ita ce tilasta wa mai zane ya kwaikwayi hoton kyamara layi bisa layi. Legas cike take da ƙwararru, wasu sun fito daga kwalejin fasaha ta Yaba, wasu ana ganin aikinsu a gidajen baje kolin zane na Lekki da Ikoyi, amma sai mu ɗaure musu hannu. Kamfanin BMW tun 1975 yake miƙa motocinsa ga masu zane su yi yadda suka ga dama, ya fara da Alexander Calder, kuma a 1991 ya ba Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, wadda ta lulluɓe motar da zanen bangon gidajen ƙabilar Ndebele. Idan wannan ya karɓu a duniya, ban ga abin da zai hana a kewaye Miura da dagin Arewa, ko da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, ko da aska takwas ta babbar riga ba. Sharaɗin dai shi ne siffar motar ta tsaya a kan gaskiyarta, a bar wa mai zane sauran filin.

Bayan an sayi abin kirki kuma, sai yanayin Legas ya shigo. Danshin iska a damina yakan haura kashi 80 cikin 100, alhali gidajen tarihi suna ƙoƙarin riƙe shi wajen kashi 50, kuma a unguwannin bakin teku akwai gishiri a cikin iskar da ke cin ƙusa da wayar rataya. Mutane suna manna zane a jikin bangon waje mai tsotsar ruwa, ko a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, ko daura da tagar da rana ke dukanta, sai bayan damina ɗaya fumfuna ta fito, ja ya koɗe ya koma kamar ruwan hoda. Ya kamata a zaɓi bangon ciki, nesa da kicin da hayaƙin janareta, a sa 'yan ƙananan tokare a bayan firam don iska ta ratsa. Zanen takarda yana son gilashi mai tare hasken rana, da kwali marar sinadarin da ke sa takarda ta yi ja, wanda zai raba shi da gilashin don kada su manne. Zanen fentin mai a kan kyalle kuwa kada a taɓa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ko man goge mota, busasshen burushi mai laushi ya isa ƙurar hunturu. Sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, a sauke zanen a duba bayansa, domin daga can fumfuna take farawa.