Yadda na gyara ɓarewar kakin zuma daga zanen kwamfuta

Hoton wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa na zana a kwamfuta, na buga, na shafa narkakken kakin zuma a kai kafin in ɗora fentin mai. Da ya huce sai kakin ya riƙa ɓarewa, fuskar kuma ta yi ta danƙo.

Na zargi zafi da laimar Jidda, na bar AC a kunne, a banza. Na canja kaki, duk ɗaya.

Ashe takardar ce: mai ƙyalli ba ta shan kaki. Na sake bugawa a takardar auduga marar rufi, na manna ta a katako, na bari ta bushe. Na haɗa kaki kashi 8 da ƙaron itace da ake kira damar kashi 1, don ƙaron na ƙara masa tauri, na riƙe zafin wajen digiri 85 a ma'aunin Celsius. Shafin kaki siriri, sai na'urar hura zafi daga ɗan nesa har ya ɗan yi sheƙi, sannan shafi na gaba. Wannan narkarwar ita ce ke haɗe su, kada a tsallake ta.

Fentin kuwa na matse shi a kwali ya kwana, kwalin ya tsotse man, sannan na goga kaɗan a kumatu da goshi, na sake hura zafi a hankali.

Alhamdu lillahi, ya kama daram.