Yadda za ka gane ko babbar lamba za ta rabu daidai, tun kafin ka taɓa kalkuleta

Mu ɗauka 'yan ƙungiyar manoma sun kai riɗi kasuwar Maigatari, kuɗi ya kama naira 453,600, ana so a san mutum nawa za su raba ba saura ko sisi. Wallahi wannan ba sai ɗan boko ba, kowa zai iya in ya bi a hankali.

Fara duba wutsiyar lambar. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 to cika ce ba mara ba, za ta rabu biyu. Tamu ta ƙare da 00, kenan 2 da 4 da 5 da 10 duk sun shiga. Na 8 kuwa ukun ƙarshe ake dubawa, 600 a raba 8 ya ba da 75, shi ma ya wuce.

Sai ka tara lambobin ɗaya bayan ɗaya, 4+5+3+6 ya zama 18, tunda 18 na rabuwa da 3 da 9 to duk kuɗin ma haka.

Yanzu ga inda mutane ke sarewa, wato 7, kuma ni dai dabarar nan ta fi min kowacce daɗi. Tsaga lambar gida biyu daga wajen waƙafi, 453 da 600, ka ɗebe ƙaramar daga babbar, saura 147, to duk abin da 147 ta yi da 7 ko 11 ko 13 shi uwar lambar za ta yi, dalili kuwa 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001 cif. 147 bakwai ce sau 21, don haka mutum 7 kowa zai tashi da 64,800. Amma in ku 11 ne ko 13 sai naira 4 ta yi saura.

Daga nan sai a sussuke ta har ƙwaya, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda malaman lissafi ke ce wa firam. Ware 100 gefe, 2×2×5×5 ce. Saura 4536, yi ta rabawa biyu: 2268, 1134, 567, nan ta ƙi. Koma 3: 189, 63, 21, 7. Ƙirga yanzu, 2 ta fito sau 5, 3 sau 4, 5 sau 2, 7 sau 1.

Ƙara ɗaya a kan kowane ƙirgen ka ninka su, 6×5×3×2, ka samu 180. Lambobi 180 ne ke raba 453,600 daidai, jama'a ku duba fa! Ita firam komai girmanta biyu kacal gare ta.

In kana son sanin ko murabba'i ce, wato wata lamba ce aka ninka da kanta, dole duk ƙirgen nan su zama cika, tamu kuwa na 2 da na 7 mara ne, don haka ba ita ba ce. Ninka ta da 14 ka cike giɓin, ka samu 6,350,400, wato 2520 sau 2520.