Darasi Na 9: Idan Famfon Mai Na Keke Ya Fara Kuka

A ajinmu na yamma, direbobin keke sun fi kowa yawa. Wani daga Rigasa yake zuwa, wani daga Tudun Wada, wasu daga Badarawa da Unguwar Sanusi. Sukan shigo da ƙura a gira, su ajiye makulli kusa da littafi. Saboda su aka tsara wannan darasi, amma mai keke da ya ba da haya, da matar da ta sayi keke da kuɗin adashe ta ba ƙaninta, duk za su amfana.

Sunan Keke Napep ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya, NAPEP, wanda aka kafa a 2001 zamanin Obasanjo. A Kano suna cewa a daidaita sahu. Mu a Kaduna keke kawai muke cewa, kowa ya gane.

Kalmomin karatu

Malami ya rubuta su a allo, a karanta su gaɓa-gaɓa, sannan kowa ya kwafa a littafinsa: fam-fo, tan-ki, ti-yo, fil-ta, ba-tir, fi-yus, ma-kul-li, ba-ka-ni-ke.

Shin kekenka yana da famfon mai?

Da wannan tambayar za a fara, domin ba kowane keke ne yake da shi ba. Yawancin tsofaffin kekuna masu kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, ba sa buƙatar famfo na lantarki. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, fetur yana gangarowa da kansa ta cikin tiyo kamar ruwa a indararo. Amma sababbin kekuna masu injekta dole sai da famfo, saboda injekta fesa mai take yi, kuma feshi ba ya yiwuwa sai da matsi. Famfon ɗan ƙaramin inji ne na lantarki da batir ke juyawa, galibi a nutse yake cikin tanki. Akwai kuma kanikawan da kan ƙara wa keke mai kafireta ƙaramin famfo a waje, a jikin tiyo.

Gwajin ba wuya. Ka tsaya inda babu hayaniya. Ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kawo, amma kada ka tayar da inji. Ka kasa kunne ta baya, wajen tanki. Idan ka ji ɗan ƙara siriri kamar kukan sauro na daƙiƙa 2 zuwa 3, sannan ya yi shiru, kekenka yana da famfo, kuma wannan ƙaran lafiya ne. Famfon yana cika tiyo da mai ne kafin inji ya tashi. Kada ka biya kowa ko sisi a kan wannan.

Kukan da muke magana a kai daban ne. Ya fi ƙarfi, ya fi tsawo, ba ya ɗaukewa. Wani lokaci har fasinja ya waiwayo ya ce, "Mai keke, mene ne ke kuka a bayanmu?"

Hira a gareji

A karanta wannan hira mutum biyu-biyu. Ɗaya ya zama direba, ɗaya ya zama tsohon bakanike.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Yawwa ɗana, yaya hanya?"

"Hanya sai godiya, Baba. Famfon mai nake so a canza mini. Kwana uku ke nan yana ta kuka."

"Wa ya ce maka famfo ne?"

"Wani abokina a tasha."

"To. Mai nawa ne a tankinka yanzu?"

Direba ya sosa ƙeya. "Bai kai lita ɗaya ba. Jira nake in haɗa balas ɗin Oga tukuna."

"Kullum haka kake yawo?"

"Wallahi Baba, tun da mai ya yi tsada, na dubu biyu nake sha, in ya kusa ƙarewa in ƙara."

"Je ka gidan mai ka zuba lita huɗu ka dawo. Ba zan taɓa sifana ba sai ka dawo."

Da ya dawo, sai aka tayar da inji. Kukan ya ragu ƙwarai, sai ka kusanto da kunne kake jin sa.

"Ka ji ko? Famfonka yunwa yake ji. Amma ka riga ka wahalar da shi, bari mu duba filta."

Me ya sa ƙarancin mai yake sa famfo kuka?

Nan ne zuciyar darasin, saboda haka mu ɗan zauna a kai.

Famfon da ke cikin tanki ba shi da fanka, ba shi da baƙin mai irin na inji. Fetur ɗin da yake turawa shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma yake sa ƙarafan cikinsa su yi santsi. Idan tanki ya cika, famfo yana nutse kamar kifi a Kogin Kaduna lokacin damina. Idan mai ya koma gindin tanki, rabin jikinsa yana waje. Ka shiga rami, ko ka sha kwana da sauri, ɗan man da ya rage ya karkata gefe guda, bakin famfo ya zuƙi iska. Famfon da ya zuƙi iska yakan juya da sauri ba tare da komai a cikinsa ba. Wannan shi ne kukan da kake ji. Yana yi yana zafi, yana cin kansa.

Tankin keke ƙarami ne, kusan lita 8 yake ci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka nesa. Direbobi suka koma shan mai kaɗan-kaɗan. Ba mai ganin laifinsu, ga balas, ga tikiti, ga cefane. Amma a duba lissafin da kyau. Wanda yake yawo da lita 1 a tanki da wanda yake yawo da lita 4, man da inji yake ƙonawa a rana kusan ɗaya ne. Bambancin kawai, na biyun ya daure sau ɗaya ya zuba lita 3 ya bar su a ciki a matsayin ajiya. Daga nan kullum abin da ya ƙona yake mayarwa. Ni a ganina, wannan lita 3 ɗin ta fi duk wani abu da za ka saya wa keke araha, idan ka kwatanta da kuɗin sabon famfo da ranar aikin da za ka rasa a gareji.

Akwai wata illa kuma. Duk dattin da ya shiga tanki a gindi yake kwanciya. Mai yawo da ɗan mai kullum daga cikin wannan laka famfonsa yake sha.

Datti da ruwa

A bakin famfo akwai 'yar rariya kamar ƙaramar jaka, aikinta tace mai. Wasu kekunan suna da wata filta a jikin tiyo. Idan ɗaya ta toshe, famfo yana ja, mai ba ya zuwa yadda ya kamata, sai ya kama kuka ko da tanki a cike yake. Alamarsa ita ce keke ya yi lafiya a sulo, amma da ka ja totur da fasinja a kan tudu sai ya riƙa shaƙewa kamar zai mutu.

Daga ina dattin yake zuwa? Da hunturu, ƙura ce, musamman ga masu shiga lungunan da ba kwalta. Da damina, ruwa ne yake bi ta murfin tankin da robarsa ta tsufa. Sai kuma man jarka. Ba duk 'yan bumburutu ne ke haɗi ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe bakin titi da mazurarin da aka ajiye a ƙasa sun isa su ɓata mai.

Ga yadda ake gane ruwa a cikin fetur. A samu kwalbar gilashi fara, busasshiya. A tsiyayo mai daga ƙasan tanki a zuba a ciki, a ajiye ta minti 5 ba tare da an taɓa ba. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka ruwa zai kwanta a ƙasa, za ka ga layi ya raba su sarai, wani lokaci da jan gari na tsatsa a gindin kwalbar. Idan ka ga haka, sai an juye tanki duka an wanke. Canza famfo ba tare da wanke tanki ba asarar kuɗi ce, sabon ma laka zai sha.

Idan za a sa sabuwar filta ta jikin tiyo, a duba kibiyar da aka zana a jikinta. Tsinin kibiyar ya kalli inji.

Murfin tanki

Wannan gajere ne. Tanki yana numfashi ta wata 'yar ƙofa a murfi ko a wani siririn tiyo. In ta toshe, mai yana fita, iska ba ta shiga, famfo ya riƙa ja da ƙyar. Lokacin da kukan ya yi ƙarfi, ka tsaya, ka sassauta murfin a hankali. Idan ka ji tanki ya zuƙi iska mai tsawo, kukan kuma ya sauka, ka kama ɓarawon. A duba tiyo ma, ko ya lanƙwashe ko wani ƙarfe ya danne shi.

Wuta

Famfo yana son wuta cikakkiya. Batir ɗin keke na bolt 12 ne. Mai rewaya zai ɗora mita: batir mai lafiya yakan nuna 12.4 zuwa 12.7 idan inji a kashe yake, ya hau 13.5 zuwa 14.5 idan inji yana aiki. Kai da ba ka da mita, kunna babbar fitila ko ka danna ham inji yana sulo. Idan muryar famfo ta canza sosai, ta yi ƙasa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, a fara duba kan batir, da fiyus, da soket ɗin famfo, da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen keke. Kore-koren tsatsa a kan waya ya sha sa a jefar da famfo mai rai.

Gargaɗi ɗaya: in fiyus ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Naɗa masa zaren waya, kamar yadda wasu ke yi don sauri, shi ke ƙona keke.

Idan ba famfon ba ne fa?

Injin keke da giya da tanki duk a baya suke, a cunkushe wuri ɗaya, kunne yakan ruɗe. Kukan famfo kusan murya ɗaya yake riƙewa, ko kana tsaye ko kana tafiya. Kukan da yake hawa idan ka ja totur kana tsaye, na inji ne, wataƙila boris. Wanda ba ya fitowa sai keke yana gudu, ya ƙaru da gudu, ya ɗauke in ka tsaya, a nemi giya ko boris ɗin taya, a kuma duba man giya.

Tsofaffin kanikawa suna da dabara. Sukan ɗauki dogon sukundireba, su ɗora tsininsa a jikin tanki, su manna mariƙin a kunne. Sai su ɗaga su ɗora a jikin giya. Inda ƙaran ya fi shiga kai, nan ciwon yake. In za ka gwada, ka tattare rigarka da hannunka daga duk abin da yake juyawa, ka kuma kiyayi salansa.

Lokacin da famfo ya gaji da gaske

An cika tanki, an canza filta, murfi yana numfashi, wuta ta cika, amma kukan yana nan, har ya fara zama gurnani. Keke yana mutuwa da tsakar rana, sai ya huta minti 10 ko 15 ya sake tashi. Da safe sai an murɗa makulli sau biyu ko uku kafin ya kama. To, yanzu an zo kan famfo. Ko a nan, ka ce wa bakanike ya ɗora agogon auna matsi a gabanka. Ƙananan injina masu injekta galibi suna aiki da matsi wajen 2.5 zuwa 3 a ma'aunin bar, ainihin lambar kekenka tana cikin littafinsa. Wannan ma wani dalili ne na zuwa aji: wanda ya iya karanta lamba shi zai duba allurar agogon da idonsa.

In za ka sayi sabo, a Panteka ko a shagon kayan keke na unguwarku, ka tafi da tsohon a hannu a gwada su kusa da kusa. Famfon kafireta matsinsa kaɗan ne ƙwarai, ba zai iya aikin na injekta ba. Na injekta kuma zai cika kafireta har mai ya riƙa zuba. Bajaj da TVS kowanne da nasa. A canza robar bakin tanki tare da famfon, kuma kada a kunna sabon famfo sai an zuba mai ya rufe shi.

Kafin a kwance komai

Fetur ba abokin wasa ba ne. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shayi. Babu taba, babu ashana. Tiyon keke mai injekta yana riƙe da matsi ko bayan an kashe inji, don haka a fara cire fiyus ɗin famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan a cire baƙar wayar batir. A ajiye bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kuma kada a bar yaron gareji ya zuƙi mai da baki ta tiyo.

Aiki

A amsa da baki, sannan a rubuta amsa ɗaya a littafi. Mene ne yake sanyaya famfon da ke cikin tanki? A cikin kwalba, me yake kwanciya a ƙasa, ruwa ko fetur? Ina tsinin kibiyar filta yake kallo?

Lissafi: tanki yana cin lita 8. Direba ya bar lita 3 a matsayin ajiya, ya cika sauran. Lita nawa ya zuba? Idan yana ƙona lita 5 a rana, lita nawa zai saya cikin kwana 6?

Gobe da asuba, kafin ka ɗauki fasinjan farko, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka saurara. Ka rubuta abu uku a bayan littafinka: kwanan wata, yawan man da ke tanki, da abin da kunnenka ya ji. Ka yi haka kwana 7, ka zo da littafin aji ranar darasi na 10.