Kurakuran da ke hana waɗanda aka kwaso daga ƙasashen yaƙi samun tallafin wurin zama

Tun daga yaƙin Libiya na 2011, wanda ya koro dubban 'yan Nijar gida ta hanyar Dirku da Agadas, har zuwa rikicin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, Damagaram ba ta daina karɓar 'ya'yanta da suka dawo hannu rabbana ba. Da yawansu suna rasa tallafin wurin zama ne saboda abin da suka bari ya wuce su a kwanakin farko na isowarsu.

Babban kuskuren shi ne barin rajista. Mutum ya sha wahalar hanya, yana sauka a tasha sai ya ɗauki jakarsa ya nufi gidan dangi a unguwar Birni ko Garin Malam, ya bar masu rubuta sunaye da layinsu. Bayan wata uku, idan zaman ɗaki guda da iyalin ƙanensa ya fara tsami, sai ya je neman taimako, a duba jerin sunaye a ce babu nasa. Hukumomi da ƙungiyoyi irin su OIM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da wannan jeri suke aiki, don haka wanda rajistar ta wuce shi ya garzaya ofishin magajin gari tare da shaidar mai unguwa, ya kuma riƙe takardar izinin tafiya da ofishin jakadanci ya ba shi, ko da ta yi datti ta yage, domin ita ce hujjar inda ya fito da ranar da ya shigo.

Saɓanin suna ma yana ɓata takardu. Takardar haihuwa ta ce Mahaman, katin ɗan ƙasa ya ce Mamane, a kan iyaka kuma an rubuta Muhammad, kuma a idon ma'aikaci waɗannan mutum uku ne. A daidaita su tun kafin a miƙa buƙata. Yaran da aka haifa a can kuwa, a nema musu takardar kotu wadda ke maye gurbin ta haihuwa, in ba haka ba ana iya ƙirga iyalin babu su.

Wasu suna zuwa da sunan 'yan gudun hijira, alhali ɗan ƙasa da ya dawo ƙasarsa rukuninsa dabam ne, ƙofar da zai ƙwanƙwasa ma dabam ce.

Akwai kuma kunya, wadda a ganina ta fi kowane kuskure cutar da masu mutunci. Idan aka tambayi magidanci ko yana da wurin kwana, sai ya ce alhamdu lillahi, alhali a zauren wani yake shimfiɗa tabarma, ma'aikaci kuwa ya rubuta cewa yana da masauki. A faɗi zahiri: mutum nawa ne a ɗakin, na wane ne, kuma har yaushe aka yarda a zauna. Wanda ya kama haya ya nemi mai gida ya rubuta yarjejeniya da rasit na kowane wata, domin da wuya a biya hayar da ba ta da takarda.

Rajistar kyauta ce. Duk wanda ya nemi a ba shi jaka biyar don ya saka suna a jeri, a kai maganarsa wurin hukuma.