Yadda Ake Amfani da Kalmar 'Yan'uwa

Asalin kalmar 'yan'uwa shi ne 'ya'yan uwa ɗaya. Namiji ɗan'uwa ne, mace kuma 'yar'uwa. Sai dai Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta haɗa ɗan baffa, ɗan kawu, da ma kowane Musulmi, shi ya sa idan mutum a Gusau ya ce "ɗan'uwana ne", sau da yawa akan tambaye shi: ciki ɗaya?

Idan kana son ka fayyace, fara da shekaru. Wanda ya girme ka wanka ne, mace yarka, kuma a yankin Zamfara da Kabi za ka ji ana cewa magaji da magajiya. Na bayanka ƙane ne ko ƙanwa. Babba dai ba a kiran sunansa kai tsaye; Yaya ake cewa.

Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne rabon gado, domin a gaban alƙali kalmar 'yan'uwa kaɗai ba ta wadatarwa. Shaƙiƙi shi ne wanda kuka haɗa uwa da uba, li'abi uba kawai, li'ummi uwa kawai, kuma shaƙiƙi namiji yana katange li'abi daga gadon ɗan'uwansu da ya rasu. A hirar gida kuwa, ina ganin gara a guji kiran mutum ɗan uba a gabansa, saboda kalmar tana ɗauke da ƙanshin 'yan'ubanci.