Kwana Bakwai a Jirgin Ruwan Shaƙatawa a Bahar Rum: Yadda Ake Shiri da Inda Ake Tuntuɓe

Hanyar da masu fara wannan tafiya suka fi bi ita ce zagayen yammacin Bahar Rum. Jirgi ya tashi daga Barcelona, ya tsaya Marseille a Faransa, ya wuce Genoa, Civitavecchia da Naples ko Palermo a Italiya, wani lokaci ya ratsa Malta ko Palma ta tsibirin Mallorca a Sifaniya, ya dawo inda ya taso bayan kwana bakwai. Da dare ake tafiya, gari ya waye a wata tashar. Zama a cikin jirgin ba shi da wuya ko kaɗan. Inda ake shan wahala abu uku ne: takardu, lokaci da kuɗi.

Biza ce farko, kuma kafin ka biya ko sisi ka karanta jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin tsarin, don haka biza ɗaya ta wadatar. Matsalar tana zuwa ne idan jirgin zai leƙa Tunis, ko wata tashar Turkiyya, ko Kotor ta Montenegro. Da zarar ya tsaya can ka fita daga yankin, kuma dawowarka shiga ta biyu ce. Mai bizar shiga sau ɗaya a bakin ƙofa za a tsayar da shi tun ranar farko, ko da ya rantse ba zai sauka a Tunis ba, kuma kamfani ba ya maida kuɗi a kan haka. Saboda haka ka nemi mai shiga da yawa, ka haɗa da takardar jerin tashoshin a cikin abin da za ka miƙa. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, ƙasar da za ka fara shiga. Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Fasfo kuwa, dokar Schengen wata uku take nema bayan ranar fitarka, amma yawancin kamfanonin jirgi wata shida suke so. Bi na kamfani.

Akwai sharuɗɗa biyu da iyalai kan gano a makare. Mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 a lokacin tafiyar, ba sa kuma ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba.

Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Wanda zai kwana shi kaɗai kan biya kusan ninki. A cikin kuɗin akwai ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wajen ɗebi-da-kanka, wasannin dare da wurin ninƙaya. Abin da babu a ciki shi ne ke cinye aljihu: lemon kwalba, ruwan gora, intanet, wankin kaya, yawon gari, da tukwicin ma'aikata. Tukwicin nan ba na ganin dama ba ne kamar yadda aka saba a gida. Kullum ake rubuta shi a asusunka, yawanci tsakanin dala 12 zuwa 20 a kan kowane mutum, ya danganta da kamfani da irin ɗaki. Miji da mata a kwana bakwai, lissafin kan doshi dala 200 ko ya haura, tun ba su sayi komai ba.

A cikin jirgi ba a cinikin hannu da hannu. Ranar shiga za a ba ka kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin saye. Ana haɗa shi da katin banki, kuma kamfani kan riƙe wani adadi a matsayin jingina, ya riƙa ƙarawa yayin da kake kashewa. Kuɗin da aka riƙe ba ya sakuwa nan take bayan an sauka, yakan ɗauki kwanaki. Idan katinka na da iyakar abin da zai iya kashewa a waje, gara ka ajiye tsabar Yuro a teburin kula da baƙi, a maida maka canji ranar ƙarshe. Ka riƙa duba asusun a manhajar jirgin duk dare. Gyaran kuskure ranar Talata minti biyar ne. Daren ƙarshe kuwa layin kan kai har bakin matakala.

Ɗaki iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai tagar da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai manyan ɗakunan alfarma. Na ciki ya fi araha kuma barci a cikinsa da daɗi, sai dai duhu ne ƙirin dare da rana, ba ka sanin gari ya waye sai da ƙararrawar waya. Mai jin jiri ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawan ƙasa-ƙasa, domin goshi da bayan jirgi su suka fi tashi da sauka, hawan sama kuma ya fi lilo. Kafin ka amince da lambar ɗaki ka buɗe taswirar hawa-hawa ka ga abin da ke samanka da ƙasanka. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya, tun da asuba ake jan kujeru a kansa. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne mai ɗakunan kwana sama da ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa Mayu da Yuni ne, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta ga zafi, ga cunkoso, ga tsada. Da hunturu farashi ya faɗi, amma mashigin tekun da ke tsakanin Barcelona da Marseille yana fama da wata iskar arewa mai ƙarfi da ake kira mistral, wadda kan jijjiga jirgi har ta hana shi shiga tasha. Soke tasha saboda iska haƙƙin kyaftin ne, yana nan a rubuce cikin yarjejeniyar tikiti.

Ka sauka Barcelona kwana ɗaya kafin ranar tashi, biyu ma sun fi. Daga Abuja ko Legas sai an canza jirgin sama, misali a Istanbul ko Casablanca, kuma jinkirin awa uku a jirgin farko ya isa ya ɓata komai. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Akwatin da ya maƙale a hanya ma, kwana ɗayan nan ne zai ba shi damar iso ka.

A tasha masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma, wani lokaci bayan isha. Don haka fasfo, magunguna, cajar waya, sallaya da kaya canji ɗaya su kasance a jakar hannu. Duk akwati sai ya bi ta na'urar bincike, kuma abin da aka fi tsoro a teku gobara ce. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir, da wayar jona wuta mai kariyar hawan lantarki duk za a ƙwace, a ajiye maka sai ranar sauka. Uwargida ta bar kaskon turaren wuta da gawayinsa a gida. Kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Humra da turaren fesawa ba laifi. Kilishi da dambun nama kuma tun a filin jirgin sama za a rabu da su, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje. Abin da ya kamata a ɗauko: ƙaramar butar roba, tunda banɗakin ba shi da abin tsarki, da 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu. Bangon ɗakin ƙarfe ne, sai ka manna su ka rataye hula, mayafi da carbi. Masan banɗakin da iska yake zuƙa ta siririn bututu. Aka jefa ƙyallen goge jariri ɗaya, sai ya toshe wa ɗakuna da dama a layin.

Kafin jirgi ya ɗaga akwai atisayen ceto, kuma wajibi ne a kan kowa. An tsaurara dokar bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, alhali wasu fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Yanzu yawanci bidiyo za ka kalla a waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin taruwar da aka rubuta a katinka a tantance ka. Alamar gaggawa busa bakwai ce gajeru da ɗaya doguwa. Ka bi hanyar ta matakala sau ɗaya, ka ƙirga ƙofofi daga ɗakinka zuwa mafita, saboda ranar da ake buƙata ba a hawa lif.

Da jirgi ya bar gaɓa, sa wayarka a tsarin jirgin sama. A tsakiyar teku waya kan kama layin jirgin na tauraron ɗan'adam da kanta, wanda ba ya cikin kowane tsarin yawo da ka saya, kuma sabunta manhajoji kaɗai cikin dare ya isa ya lashe kuɗi masu yawa. Manhajar jirgin tana aiki a kan intanet ɗin cikin gida kyauta. Saƙonnin gida a bari sai an isa tasha.

Batun abincin halal, tun lokacin sayen tikiti ake rubuta shi, ba ranar shiga ba, domin a tasha ake loda kayan abincin mako guda. Kamfanoni sun bambanta ƙwarai: wani zai tanadi nama, wani ya ce sai dai kifi da ganye. Daren farko ka nemi shugaban masu hidimar teburi, ya riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau. Naman alade a fili ba shi ne abin tsoro ba, ana ganinsa. Abin lura shi ne na ɓoye: giyar da ake zubawa a miyar nama da shinkafar risotto, kitsen alade a taliyar carbonara, giya a tiramisu, da gelatin a kayan zaƙi masu danƙo. Gasasshen kifi, ƙwai, dankali da taliya da miyar tumatir ba sa yankewa. Ɗan kwalban yaji daga gida yana gyara su ba kaɗan ba.

Salla ma da nata lissafin. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa a cikin jirgi saboda ƙarfen da ya kewaye shi. Akwai tashar talabijin a ɗaki da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da ita ake kwatanta alƙibla, wadda a wannan yanki take gabas maso kudu. Lokutan salla a duba na garin da aka fi kusa da shi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Barcelona sai bayan ƙarfe 9 na dare, abin da kan sa magariba ta faɗo tsakiyar cin abincin dare. Abincin dare zama biyu ake yi, wanda ya zaɓi zaman farko ya huta.

Cutar da ta fi yawo a jirgi ta amai da gudawa ce, wadda ƙwayar norovirus ke kawowa. Man goge hannu mai sinadari ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 kafin kowane cin abinci shi ne magani. Wanda ta kama ya kira asibitin jirgi ta wayar ɗaki, za a ce ya zauna a ɗaki har ya warware. Asibitin na kuɗi ne, da tsada, don haka ka tabbatar inshorarka ta ambaci jinya a jirgin ruwa. Maganin jiri irin su cinnarizine ana shan sa kafin teku ta tashi, ba bayan amai ya fara ba, kuma yana sa barci. Citta tana taimakawa, haka fita sarari a zuba wa ƙarshen teku ido.

Saura sauka gari, inda aka fi barin mutane a baya. Takardar shirin yini da ake ajiye maka kowane dare tana ɗauke da lokacin komawa jirgi, yawanci rabin awa kafin tashi, da lambar wayar wakilin kamfani a wannan tashar. Ɗauki hotonta kafin ka fita. Tashoshin ba ɗaya ba ne. A Genoa da Naples kana sauka kana cikin gari. A Valletta, babban birnin Malta, akwai lif ɗin Barrakka da ke hawa da kai cikin birnin. A Marseille sai ka shiga mota zuwa tsohuwar tashar da ke tsakiyar gari. Civitavecchia ce mai tarko: a talla an rubuta Roma, alhali tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa, ban da motar da za ta fitar da kai daga harabar tashar. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Italiya kuma suna yawan yajin aiki. Idan ka bi yawon da kamfani ya shirya, motarku ta makara, jirgi zai jira ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan da kanka ka fita, nauyin a wuyanka yake. A Roma da Pompeii, kufan tsohon birnin da ake zuwa daga Naples, ƙarin kuɗin yawon kamfani ya cancanta. A Genoa, Palma da Valletta asara ce. Mai zuwa Roma da kansa ya kamo jirgin ƙasan da zai dawo da shi awa biyu kafin lokaci, yadda ko ya kuɓuce masa akwai wani a bayansa. A titin La Rambla na Barcelona da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Roma, jaka a gaba take zama, masu yankan aljihu sun san fasinjan jirgi da katin da ke rataye a wuyansa.

Daren ƙarshe za a kawo maka tambari mai launi, ka ɗaura wa akwatuna, ka fitar da su bakin ƙofa kafin lokacin da aka sanar. Ware kayan da za ka sa da safe, da takalmi, da fasfo, kafin ka zuge akwatin, domin ba za ka sake haɗuwa da shi ba sai a zauren tasha. Da misalin ƙarfe 8 na safe ake barin ɗaki, ana kiran launi-launi. Filin jirgin saman Barcelona, El Prat, bai kai tafiyar rabin awa ba daga tashar idan hanya a buɗe take, amma dubban mutane ne ke neman tasi a lokaci guda. Tikitin komawa gida ya zama na bayan ƙarfe 12 na rana.